Famfo biyu, suna ɗaya: abin lura kafin a ƙara wa injin mota ƙarfi

Na daɗe ina gaya wa ɗalibaina na kimiyyar harshe cewa duk inda kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, to akwai rikici a gaba. A bazarar 2024 sai ga shi an biya mini wannan karatu a garejin bakanike, kuma saura ƙiris in biya kuɗin makarantar da rayukan iyalina.

Ina da wata mota 'yar Kwatano mai turbo. Wani matashin bakanike da ke kusa da mu a Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, ya ba ni shawarar a sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwarta domin injin ya ƙara ƙarfi. Na tambaye shi ko famfon mai zai iya ɗaukar aikin, sai ya ce: "Dakta, famfonka lahiya lau shike, ai bara munka sa sabo." Gaskiya ya faɗa, amma famfon da ke cikin tanki yake nufi. Bayan mako biyu, a kan hanyar Birnin Kebbi, na fita zan wuce wata tirela, na taka totur, sai motar ta yi sanyi a tsakiyar titi alhali wata na tahowa. Da ƙyar na koma hannuna.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, irin wannan mota famfo biyu gare ta. A tsohon tsari, famfon tanki kaɗai ke turo fetur da matsin da bai wuce bar 3 zuwa 4 ba, wato ya ɗan ɗara iskar tayar mota, sannan a fesa shi a hanyar shigar iska. A 1996 kamfanin Mitsubishi na Japan ya fito da injin fetur mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, Volkswagen ya biyo baya a 2000, ita ma Honda Accord mai silinda 4 ta koma wannan tsari a 2013. Fesa mai cikin silinda na buƙatar matsin da kan haura bar 100, don haka aka ƙara famfo na biyu a jikin injin, wanda kamshaf ke bugawa. A cikinsa akwai ɗan fistin mai kaurin alƙalami, kuma girmansa ne ke iyakance yawan man da famfon zai iya turawa.

To, idan aka taɓa ƙwaƙwalwar mota, turbo kan cusa iska fiye da yadda aka saba. Fetur na ƙonewa daidai ne idan kowane kashi 1 nasa ya haɗu da kashi 14.7 na iska, kuma a lokacin da injin ke cikin aiki mai tsanani ya fi son man ya ɗan yi rinjaye domin ya rage zafi. Idan iska ta ƙaru amma famfon ya gaza, sai matsin ya faɗi. In an yi sa'a, ƙwaƙwalwar ta rage ƙarfin injin don ta kare shi, kamar yadda ta yi mini. In ba a yi sa'a ba, zafi ya yi yawa, injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya tsage ko ya narke. A garin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, haɗarin ya fi kusa. Ga kuma batun ingancin mai: ba mu manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da ya lalata motoci a ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka, ya mai karatu, kafin ka yarda a ƙara wa motarka ƙarfi, fara da sanin ko tana da wannan famfo na biyu. Idan tana da shi, a jona na'urar gwaji a hau titi, a kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa ke nema da wanda famfon ke bayarwa yayin da aka taka totur sosai, domin gwajin mota a tsaye ba ya nuna wannan aibi. A duba famfon tanki da matatar mai, tunda su ke ciyar da na saman. In awo ya nuna famfon na gab da iyakarsa, a sauya kayan cikinsa da masu babban fistin, a wuri mai tsabta, don ƙwayar rairayi ɗaya na iya karce su. A wasu injinan akwai 'yar hular ƙarfe tsakanin kamshaf da famfon. Babban fistin na ƙara mata nauyi, don haka a riƙa duba ta a kai a kai. Bayan duk wannan ne za a taɓa ƙwaƙwalwa.

Ban ga laifin wancan matashi shi kaɗai ba. Motocin da ke shigowa sun sauya, amma kalmomin da muke ciniki da su a gareji suna nan yadda muka gada tun zamanin kafireta. Ya kamata ƙungiyoyin kanikawa da kwalejojin fasaha, tare da mu masu nazarin harshe, mu zauna mu bai wa kowane famfo sunansa. Ni dai na fara: "famfon tanki" da "famfon matsi". Yanzu duk wanda ya ce mini famfo lafiya lau yake, sai in ce masa: wanne daga ciki?