Ragowar burodi ba abincin tsuntsu ba ne: yadda za ka gasa musu nasu a gida

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau ba siyasa za mu yi ba, maganar tsuntsaye ce. Na san wani zai ce, ana ta wuya wa yake ta aku? To ɗan dakata. Ka zaga lungunan Fagge da yamma ka ɗaga kai, za ka ga garken tattabaru suna shawagi a saman soraye. Yawancinsu na samari ne. Wani da kuɗin 'yan shila yake biyan kuɗin jarrabawa, wani da su yake yin ɗinkin sallah. Jari ne, ko da ƙarami ne.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 hatsi ya yi tashin gwauron zabi, sai masu kiwo da yawa suka koma wata dabara: a bi masu shayi da gidajen burodin Sabon Gari a kwaso wanda ya kwana, a jiƙa, a watsa wa tsuntsaye. Wani ƙanena a unguwa haka ya yi. Ya sayo buhun ragowar burodi da araha, yana murna ya huta da sayen gero. Kafin sati biyu tattabarunsa suka fara zama shiru, gashi a tashe, ba sa son tashi. Guda bakwai ya rasa. Da na buɗe buhun, ƙasansa duk ya yi funfuna, kore shar.

To me ya sa burodinmu ba ya musu kyau?

Farko dai, fulawar da ake yinsa an cire mata dusa da ƙwayar tsakiyar alkama, inda yawancin amfanin yake. Tsuntsu zai cika ciki, ya ji ya ƙoshi, amma bai samu abin da zai gina tsoka da gashi da ɓawon ƙwai ba. Ga gishiri, ga sukari, ga bota. Gishirin da kai ba ka ma ji a harshenka, ga halittar da ba ta kai rabin kilo ba nauyi ne babba a kan ƙodarta. Sannan akwai sinadarin nan na bromate mai sa burodi ya tashi ya yi laushi, wanda NAFDAC ke yaƙi da shi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili. An haramta shi saboda lafiyarmu mu mutane, balle tsuntsu.

Amma babban makashin shi ne funfuna. A 1960 a Ingila talotalo sama da 100,000 suka mutu, aka rasa dalili, har aka sa wa abin suna cutar X. Da aka bi diddigi sai aka gano garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil ne ya yi funfuna, funfunar ta fitar da guba. Daga nan duniya ta san aflatoxin. Gubar nan hanta take ci, kuma tana kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Mu 'yan garin dalar gyaɗa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Abin da nake so ku riƙe: wuta ba ta kashe ta yadda kuke zato. Idan masararka ta yi funfuna, ko ka gasa ta gubar tana nan. Zubarwa kawai. Ƙurar funfunar ma idan tsuntsu ya shaƙa tana iya kama masa huhu.

Yanzu ga abin da nake yi wa nawa, kuma ba sai kana da oben ba.

Da gwangwanin madara nake awo. Garin gero gwangwani 2, garin masara 1, garin alkama 1. Alkama fa na ce, irin wadda ake niƙawa don alkubus, ba farar fulawa ba. Sai ƙwai 2. Kada ka yar da ɓawon: ka tafasa shi, ka shanya, ka daka ya yi laushi kamar gari, ka zuba a ciki. Ka goga karas ɗaya, ko ka dafa ɗan yankin kabewa ka murƙushe. Ka ƙara cokali ɗaya na garin busasshen zogale. Sai ruwa kaɗan kaɗan har kwaɓin ya haɗe, ya yi tauri kamar na gurasa. Ba gishiri, ba sukari, ba magi, ba yis. Idan ka ɗanɗana ka ji salam, to ka yi daidai.

Wajen gashi, dabarar iyayenmu mata ce ta yin kek ɗin sallah: tsohuwar tukunya, a zuba yashi a ƙasa, a ɗora kan gawayi ta yi zafi. Ka fakaɗa kwaɓin siriri a gwangwani ko faranti na ƙarfe, ka sa a ciki, ka rufe. Wajen minti 30 ya isa idan wutar ba ta yi yawa ba. Ka soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kaskon nan na zamani da abinci ba ya kamawa, mai baƙin shafe a ciki. Idan ya yi zafi fiye da kima yana fitar da hayaƙin da kai ba za ka ji ba, amma yana iya kashe tsuntsu a keji cikin ɗan lokaci. Ko me za ka gasa, kejin ya yi nesa da murhu.

In ya huce, ka marmasa. Ga aku da kanari, ɗan gutsure da safe, abin da ya rage da yamma a kwashe. Ga tattabaru kuwa, ka baza marmashin a rana ya bushe ƙayau, ka gauraya da hatsinsu. Kada ka yi da yawa. Da yanayin wutar lantarkinmu ba za ka dogara da firji ba, a damina kwana biyu ya isa ya fara lalacewa. Lokacin hunturu ne zai ɗan daɗe.

Sai dai in faɗa muku gaskiya, ko wannan ɗin ƙari ne kawai. Tattabara tsabar hatsi take haɗiyewa ɗungurungum, ƙundunta ya niƙa da taimakon 'yan tsakuwoyi, don haka gero da dawa da tsakuwa da ruwa mai tsabta su ne tushe. Inda burodin ke da rana shi ne lokacin kwanci da reno. Tattabara ƙwai 2 take yi, ta kwanta kamar kwana 18, sannan uwa da uba duka suna fitar da wani abu mai kama da madara daga jakar wuyansu su ɗura wa 'yan shila. A lokacin suna buƙatar abinci mai gina jiki, nan ƙwai da zogalen ke aiki. Kuma in kuɗi ne matsalar, ku haɗu ku biyar ku saro buhu a Dawanau ku raba, ya fi sayen kwano kwano sauƙi.

Masu aku, ku naku ya fi yawa. Akun nan mai toka-toka da jan wutsiya an san shi da ƙarancin kalsiyam, har ya riƙa faɗuwa daga kan sanda yana jijjiga, shi ya sa ɓawon ƙwai da hasken rana na safe ke da muhimmanci gare shi. Kada a ba shi fiya, kada a ba shi cakulan, albasa ko shayi, ko da yara sun ce yana so. Kuma tun taron CITES na 2016 a Johannesburg aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda ya kusa ƙarewa a dazuzzuka da dama. In kana da shi, ka riƙe amana. In ba ka da shi, ni dai shawarata ka bar shi a dajinsa, ka sayi tattabara.

Shi ƙanen nawa, da uku da suka rage ya sake farawa. Jiya ya turo min hoton ƙwai biyu a cikin tukunya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.