MAGATAKARDAN NA'URA A ƊAKIN MAGANI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU NA ƘASAR KURA DA BUNKURE

An fitad da wannan takarda ne domin a sanad da hakimai da malamansu wani sabon abu da ya shigo ɗakunan magani da kantunan kemis, watau na'ura mai amsa tambaya wadda ake sawa cikin wayar hannu ko kwamfuta. Masu sayad da magani sun fara tambayarta abin da dā sai likita ake tambaya. Tana da amfani in an shirya ta bisa ƙa'ida, tana kuwa da hatsari in an sake mata. Saboda haka ya kamata shugabannin jama'a su san yadda take, da yadda ake shirya ta, da inda iyakarta ta tsaya.

1. Mece ce wannan na'ura?

Masana suna kiran wannan fasaha ƙirƙirarriyar basira. Wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya fito da irin tasa, ChatGPT, a watan Nuwamba 2022, sa'an nan a Nuwamba 2023 ya ba da hanyar da kowa zai shirya tasa ta musamman domin aikinsa. Akwai kuma waɗansu kamfanoni masu irinta.

Yadda take aiki shi ne: an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta koyi kalmar da ta saba bin kalma. In an tambaye ta, sai ta jera kalmomin da suka fi kama da amsa. Ba ta ganin majiyyaci, ba ta taɓa jikinsa, kuma takan faɗi abin da ba haka yake ba da irin muryar da take faɗin gaskiya. Rubutun Hausa da ta karanta kaɗan ne bisa na Turanci, don haka kuskurenta cikin Hausa ya fi yawa. A watan Janairu 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitad da jagora game da irin waɗannan na'urori, ta gargaɗi gwamnatoci a kan amsoshin ƙarya da fallasa asirin marasa lafiya.

2. Abin da ya sa maganar ta shafi ƙasar noman rani

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam rani da damina, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa sun kawo arziki, amma ruwan da ba ya ƙafewa ya zo da nasa nauyi. Sauro yana hayayyafa ko da rani, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ba ya yankewa. Dodon koɗi da ke zaune cikin magudanai shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke sa yara masu wanka a ruwa fitsarin jini. Ga kuma maganin feshi da manoma ke zubawa a gona, wanda ke zama guba in ya shiga jiki. Da lokacin dashe da girbi 'yan ci-rani sukan cika ƙauyuka, layi ya yi tsawo a bakin kemis, ga masana harhaɗa magunguna ba su wadata ba. Nan ne mai kanti yake jarabtuwa ya bar na'ura ta yanke masa hukunci.

3. Yadda ake shirya ta

Wanda zai shirya wannan na'ura lalle ya zama masanin harhaɗa magunguna mai rajista, ko babban ma'aikacin lafiya. Aikin ya yi kama da ɗaukar sabon magatakarda a ofishin hakimi, matakansa huɗu ne.

Na farko, takardar umurni. Ana rubuta mata a fili ko ita wace ce, da wanda take yi wa aiki, da abin da aka hana ta. Misali a rubuta cewa ma'aikacin ɗakin magani kaɗai take amsa wa. Kada ta faɗi adadin magani sai ta tambayi nauyin majiyyaci da shekarunsa, da ko mace tana da ciki. In amsa ba ta cikin littattafan da aka ba ta, ta ce a tafi asibiti, kada ta yi kame-kame.

Na biyu, littattafai. Ana sa mata Jerin Muhimman Magunguna na ƙasa da Ƙa'idojin Ba da Magani na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, bugu na baya-bayan nan, tare da lissafin kayan da ke cikin kantin. A umurce ta kowace amsa ta faɗi shafin da ta ɗauko. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, gama tsofaffin rubuce-rubucen da ta karanta cike suke da maganar kulorokwin, alhali tun 2005 Nijeriya ta mayad da maganin zazzaɓi na farko ya zama haɗin nan mai atemisinin.

Na uku, jarrabawa. Kafin a bar ta ta fara aiki, a yi mata tambayoyin da an riga an san amsarsu, da Hausa da Turanci. Ga misalai biyu. Yaro mai nauyin kilo 18 da gwajin jini ya nuna yana da zazzaɓin cizon sauro: na haɗin atemita da lumefantirin mai awo 20/120 yana shan ƙwaya 2 a kowane sha, sau 2 a rana, kwana 3, jimla ƙwaya 12, kuma a bi shi da abinci mai maiƙo. Yaro mai kilo 30 da ke da tsargiya: furazikwantel miligiram 40 ne ga kowane kilo, watau miligiram 1,200, ƙwaya 2 ke nan ta mai 600, sha ɗaya. Sa'an nan a gwada ta da tambayar da aka ɓoye nauyin yaro. In ta ba da adadi ba ta tambayi nauyi ba, ta fāɗi, sai a gyara takardar umurni a sake jarrabawa.

Na huɗu, mai duba. A ajiye littafi a riƙa rubuta tambayoyi da amsoshi, masanin da ya shirya ta ya duba kowane mako. Duk ran da Gwamnati ta canja ƙa'idar wani magani, a cire tsohuwar takarda a sa sabuwa.

4. Inda take da amfani

In an shirya ta haka, tana iya lura da kwanakin da magunguna za su lalace, ta tuna wa mai kanti ya fara sayad da na gaba. Tana iya duba cinikin bara ta nuna abin da ya kamata a tanada kafin lokacin dashe. Tana iya rubuta yadda za a sha magani cikin Hausa mai sauƙi, ma'aikaci ya duba ya karanta wa majiyyaci. Tana kuma iya faɗakarwa in magunguna biyu ba sa haɗuwa.

5. Abin da ba za a ba ta ba

Ba ta gane cuta. Gwajin jini da idon ma'aikacin lafiya ke wannan aiki. Manomin da feshi ya buge, yana dalalar da yawu da gumi, numfashinsa yana sarƙewa, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi Babban Asibitin Kura ko asibiti mafi kusa; ba lokacin danna waya ba ne. Haka kuma yaron da ke jijjiga, da jariri, da mai ciki da ke zubad da jini.

Ba ta bambanta magani na gari da jabu. Wannan sai a duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a kuma kankare lambar da ke jikin kwali a aika ta waya, tsarin da hukumar ta fara a 2010.

Ba ta halatta abin da doka ta hana. A watan Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Tiramol kuwa ba a ba da shi sai da takardar likita. Mai kemis da ya ce na'ura ce ta sa shi, laifin yana wuyansa, domin shi ke riƙe da lasin.

Ba a rubuta mata sunan majiyyaci ko unguwarsu ko lambar wayarsa. Abin da aka rubuta yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutoci na kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa labarin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta tsaronsu.

6. Abin da ake roƙon hakimai

Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya rubuta sunayen kantunan magani da ke ƙasarsa, a ga wanda ke da lasin na Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda dokar 2022 ta ba ikon lura da su. A tambayi masu amfani da na'ura wa ya shirya musu ita, kuma wa ke dubawa. A umurci dagatai da masu unguwanni su yi shela a kasuwanni da masallatai cewa talaka yana da ikon tambayar mai kemis daga ina ya samo adadin da ya faɗa masa. In an ji labarin wani ya cutu, a rubuta rana da wuri da sunan maganin, a ajiye kwalin, a kai wa shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma ba tare da jinkiri ba. A wurinsa kuma za a sami ƙarin bayani.