Abin Da Ke Hana Wasan Waya Shiga A Cikin Birni

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayani a kan wani abu da ke cinye mana kuɗi a banza. Da yawa daga cikinmu muna yin wasannin waya irin su eFootball da Free Fire da PUBG Mobile, waɗanda mutum yake karawa da wasu mutane na nesa. Sau da yawa sai wasan ya ƙi shiga, allo ya yi ta juyawa, daga baya ya rubuto cewa an kasa haɗawa. Nan take yaro zai ce waya ta lalace. Na sha ganin an kai lafiyayyar waya wurin mai gyara, an biya kuɗi, an dawo gida tana nan yadda take.

Da farko ya kamata mu san inda wasan yake. Hotuna da kiɗa suna cikin wayarka, amma mai raba gardama, wato wanda ke cewa wane ne ya ci ƙwallo ko wane ne ya faɗi, wata babbar kwamfuta ce da ake kira uwar garke, 'yan wasa kuwa su ce saba. Galibi ba a Nijeriya take ba. Idan ka danna maɓalli kana zaune a Kwarbai ko Limancin Kona, saƙon zai tashi zuwa turken sabis mafi kusa, ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa zuwa Ikko, sa'an nan ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta ya kai kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal. Haske yana cin kamar kilomita 200 a cikin irin wannan waya a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ka ga ke nan zuwa da dawowa kaɗai sun ci kashi 70, ban da tafiyar Zariya zuwa Ikko. Wannan jinkiri shi ne lambar nan da ke kusurwar allo mai "ms" a gefenta. Ko wayar miliyan ɗaya ka saya ba za ta gajarta teku ba. Abin da za ka iya yi shi ne ka zaɓi uwar garken da lambarta ta fi ƙanƙanta, in wasan ya ba da zaɓi.

To, in wasa ya ƙi shiga, ni abin da nake fara yi shi ne in buɗe wani abu dabam, kamar YouTube. In ya buɗu sarai, ai ka san sabis ɗinka lafiya lau, matsalar daga wasan take. Mai yiwuwa kamfanin ne ya rufe uwar garkensa don gyara, kamar yadda masu eFootball suka saba yi da safiyar Alhamis. Nan babu magani sai jira. Ko kuwa an fito da sabon zubin wasan, naka ya tsufa, uwar garke kuwa ba ta karɓar tsohon zubi. Iyaye su lura da wannan: wasan kansa ba ya cin data da yawa, sabuntawar ce mai ci, wani lokaci fiye da gigabait guda a zama ɗaya.

In kuwa kome ya ƙi buɗuwa, sai a duba gida. Data ta ƙare ko tana nan? Abin dariya ne, amma shi ya fi yawa. In tana nan, a danna alamar jirgin sama, a ƙirga goma, a cire, domin waya ta sake neman turke. A duba kwanan wata da agogon wayar ma, gama in sun yi kuskure uwar garke ba za ta amince da ita ba. Wanda ya kunna VPN ya kashe shi, don ƙara wa saƙo nisan tafiya yake yi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mutanen cikin ganuwa musamman. Gidajen kakanninmu na ƙasa ne, katangarsu mai kauri, ga soro a kan azara, ga kwano da aka ɗora daga baya. Ginin da ke tsare mu daga zafin bazara shi ne kuma ke tare sabis. A ɗakin kakata da ƙyar ake samun sanda ɗaya, amma da na fito tsakar gida sai su cika. Saboda haka kafin ka zargi kowa, fito daga ƙuryar ɗaki. Bayan wannan, turke ɗaya ne unguwa duka take rabawa. Bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya zauna da wayarsa, sai hanya ta cushe kamar Ƙofar Doka ranar hawan salla. Sanduna za su nuna a cike, amma saƙo ba ya wucewa. Wasan da ya ƙi shiga da ƙarfe tara na dare, sau da yawa da hantsi sai ya shiga ba gardama.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin Zariya baki ɗaya. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa, har aika kuɗi ta banki ya yi wuya, aka ɗauki makonni kafin jiragen gyara su gama aiki. A irin wannan rana sai ka tambayi maƙwabcin da layinsa ya bambanta da naka. In shi ma nasa ya tsaya, ajiye wayar, kada ka sake sayen data, kada kuma ka goge wasan, domin sake sauko da shi zai cinye wadda ta rage.