Kalmar "Minute": Daga Agogo Zuwa Fayil

Sabon ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja yakan yi tuntuɓe da kalmar "minute". A makaranta ya san ta da ma'anar sakan 60, wadda Hausa ta aro ta zama minti. A ofis kuwa tana da wasu fuskoki biyu.

A taro, "minutes" shi ne rubutaccen bayanin abin da aka tattauna aka zartar. A kan fayil kuma, "minute" gajeren tsokaci ne, shawara ko umarni, da jami'i ke rubuta wa wani jami'i, ya sa hannu da kwanan wata.

Tushensu ɗaya ne, kalmar Latin "minutus", wato ƙarami: ɗan yankin awa, ɗan gajeren rubutu.

Sai dai ƙanƙantar ba ta rage mata nauyi ba. Ranar da masu binciken kuɗi suka buɗe fayil, ba ruwansu da abin da oga ya faɗa da baki. Layi biyun da ka sa wa hannu za su karanta. Saboda haka, in umarnin kashe kuɗi ya zo maka da baki, nemi a rubuta shi a fayil kafin ka aiwatar.