Ilmi Ba Ya Tafiya da Ƙafa Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, a sani cewa a jami'o'in zamanin nan akwai samari da 'yammata masu fara bincike a kan cuta da noma da ruwan sha. Sai dai mafi yawan abin da suka gano yana kwance cikin takardun Turanci, bai kai ga manomi da ungozoma ba. Babban dalili shi ne kowane yana aiki shi kaɗai, ba shi da abokin muzakara.

To, magabata sun riga sun nuna hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba su jin Larabci, ba su kuma da ikon barin gidajensu su zauna gaban malami. Sai ta mai da ilmi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, don a hardace su. Ƙanenta Isa ya mai da waɗansu waƙoƙin Fulatanci zuwa Hausa.

Amma waƙa ba ta kai kanta ƙauye. Saboda haka ta zaɓi mata amintattu, ta sa wa kowace malafa da jan rawani, ana kiranta jaji. Jaji takan jagoranci ayarin dattijai mata da 'yammata zuwa Sakkwato, su ɗauki karatu, su koma su karantar. Su ne 'Yan Taru. Da yake tare suke tafe, in wannan ta manta baiti waccan ta tuna mata, in ta karkata a fassara a gyara mata tun a hanya. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryamu ta riƙe aikin, bai mutu ba.

Haka ya kamaci masu fara bincike. Su sa ranar haɗuwa, kowa ya faɗi abin da ya gano da Hausar da kakarsa za ta gane, tsararsa su yi masa gyara. Wanda ke jin nauyin tambayar shehinsa ba ya jin nauyin abokinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani, amin. Tammat.