Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa ƙuri'ar da mutumin Kuta yake jefa wa sanata tana da tushe a Amurka? A 1787, masu rubuta tsarin mulkin Amurka a birnin Filadelfiya sun sha gardama tsakanin manyan jihohi da ƙanana. Suka daidaita a kan majalisa biyu: ta wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa kuwa kowace jiha sanata 2, komai ƙanƙantarta.

Nijeriya ta ari wannan tsari a 1979, lokacin da ta bar salon firaminista na Ingila. Sai dai mu a yanzu sanata 3 muke ba kowace jiha, Abuja 1, jimilla 109. Kuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro, tana cikin mazaɓar Neja ta Gabas.

Kundin tsarin mulkin 1999 da ake aiki da shi yanzu, ɗan Minna ne ya sa masa hannu, wato Janar Abdulsalami Abubakar. Babi na 4 ya jera haƙƙoƙinka: rayuwa, addini, faɗin albarkacin baki, shari'ar adalci. Ba dogo ba ne, ka nema ka karanta.