2.3 Ƙa'idojin Tsara Zanen Bayani: Misali Daga Aikin Florence Nightingale

Idan aka ce zanen bayani, ana nufin hanyar gabatar da alƙaluma ko wani saƙo ta amfani da hoto da launi da 'yan kalmomi, ta yadda mai karatu zai fahimta da kallo ɗaya. A wannan sashe za a duba zanen da Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta fitar a shekarar 1858, domin a fito da ƙa'idojin da ke sa irin wannan zane ya yi tasiri.

Ƙa'ida ta farko ita ce zane ya ɗauki saƙo guda. Nightingale ta yi jinyar sojojin Birtaniya a lokacin Yaƙin Kirimiya (1853-1856), inda ta lura cewa cututtuka irin su kwalara da atini sun fi raunukan fagen fama kashe sojoji. Wannan batu kaɗai ta so mahukunta su gani.

Ta biyu, kowane launi ya zama yana da ma'ana. Launuka uku kacal ta yi amfani da su: shuɗi ga waɗanda cututtukan da ake iya kaucewa suka kashe, ja ga waɗanda suka mutu saboda rauni, baƙi kuma ga sauran dalilai. Da an kalli zanen za a ga shuɗi ya rinjayi sauran nesa ba kusa ba.

Ta uku, a ba mai karatu damar kwatantawa. Ta zana da'ira biyu, kowace an kasa ta gida 12, wato watannin shekara. Ta farko ta fara daga Afrilun 1854 zuwa Maris na 1855, ta biyu kuma shekarar da ta biyo baya, bayan hukumar kula da tsafta ta isa asibitocin a watan Maris na 1855. Ƙanƙancewar ta biyun ita ke nuna raguwar mace-mace.

Sai dai kuma zanen bai rasa naƙasu ba. An ajiye shekarar farko a hannun dama, alhali mai karanta boko daga hagu yake farawa, wanda hakan kan iya kawo ruɗani.

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa ingancin zanen bayani bai dogara ga yawan ado ba, ya dogara ne ga saurin isar da saƙo ga wanda zai yanke hukunci a kansa.